Johnny Dodds, mabushin kilarinet na New Orleans: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk wanda na kunna wa tsofaffin faya-fayen Louis Armstrong na 1925 zuwa 1927, da farko Armstrong ɗin yake saurare. Sai an yi nisa ya ɗaga kai ya ce, "To wannan ɗin fa, mai busa kamar kuka a gefensa, wane ne?" Johnny Dodds ke nan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kansa.

Wane ne Johnny Dodds?

Baƙar fatar Amurka ne, mabushin kilarinet, ɗaya daga cikin mutanen da kiɗan jaz ya girma a hannunsu. An haife shi ranar 12 ga Afrilu, 1892, ya taso tsakanin garin Waveland da ke bakin teku a jihar Misisipi da birnin New Orleans na jihar Luwiziyana. Ya rasu a Shikago ranar 8 ga Agusta, 1940, yana da shekara 48. Ƙanensa Warren, wanda duniya ta sani da Baby Dodds, makaɗin ganga ne, kuma sun yi rabin rayuwarsu suna aiki a dandali ɗaya.

In ka ɗauki faya-fayen jaz da aka fi girmamawa daga Shikago na wancan zamani, wato na King Oliver a 1923, na Armstrong da rukuninsa na Hot Five da Hot Seven, da wasu na Jelly Roll Morton a 1927, za ka tarar mutum ɗaya ne ya ratsa su duka da kilarinet a baki.

Mece ce kilarinet ɗin? Kamar algaita ce?

Da ɗan kama, amma ba dangi na kusa ba ne. Dukansu abin busa ne mai ramuka da ake toshewa da yatsu, kuma ƙarshensu a buɗe yake kamar mazurari. Bambancin yana baki. Algaita tana da ƴan ɓallaye biyu da ke kaɗawa da juna, shi ya sa muryarta take da kaifi tana ratsa taro. Kilarinet ɓalle ɗaya gare ta, siriri, na wani irin kara, ana ɗaure shi a jikin bakin busar, mabushi ya jiƙa shi da yawu kafin ya fara. An ƙirƙiro ta a Jamus wajen shekarar 1700, kuma mafi yawan masu kyau ana sassaƙa su da wani baƙin itace mai nauyi da ake samu a Tanzaniya da Mozambik.

Abin da ya ba ta daraja shi ne faɗin muryarta. A ƙasa tana da kauri da duhu kamar namiji yana magana ƙasa-ƙasa, a sama kuma tana iya tsala ihu. Dodds, kamar yawancin mabusan New Orleans, yana amfani da tsohuwar ƙira da ake kira tsarin Albert, mai ƙarancin maɓallai, inda yatsa ke zama kai tsaye a kan ramuka da yawa. Wannan yana ba mutum damar zame yatsa a hankali ya lanƙwasa sauti, kuma lanƙwasa sauti shi ne rabin sana'ar Dodds.

A ina ya koyi busa?

Da ƴar sarewar gwangwani ya fara yana yaro, bai riƙe kilarinet ba sai da ya kai wajen shekara 17. Ya ɗan ɗauki darasi wurin Lorenzo Tio ƙarami, wanda gidansu gidan koyar da kilarinet ne a New Orleans, amma mafi yawan iliminsa a wurin aiki ya same shi: gidajen rawa, faretin titi, bukukuwa da rakiyar gawa. Tun wajen 1912 ya shiga rukunin Kid Ory, mabushin turombon, ya yi shekaru tare da shi.

Akwai wani rabe-rabe a birnin da ya kamata a sani. A ɓangare guda akwai Kiriyol, barbarar yanyawa masu jinin Faransa da Sifen da Afirka, waɗanda suka gaji karatun kiɗa a rubuce da busa mai tsabta irin ta Turai. A ɗaya ɓangaren akwai baƙaƙen unguwannin sama, ƴaƴa da jikokin bayi, waɗanda kiɗansu ya fito daga coci da gonakin auduga da rake, da waƙar ƙunci da ake kira buluz. Dodds ya ɗebi wani abu daga na farko, amma zuciyarsa tana wurin na biyu.

Mene ne aikin kilarinet a cikin wannan kiɗa?

Nan ne wanda ya saba da jaz na baya yake rikicewa, domin ya saba a ba mutum ɗaya fili ya yi ta busa, sauran suna rakiya. A tsohon salon New Orleans ba haka ba ne. Mutum uku ne a gaba, kuma lokaci ɗaya suke busa, kowa da hanyarsa. Mai konet, wato ƙaramar begila mai maɓallai, shi ke riƙe da karin waƙar. Mai turombon yana ƙasa yana cike gurabe, yana turo su gaba. Mai kilarinet yana sama da kewaye, yana saƙa. Inda mai konet ya tsaya ya ja numfashi, nan kilarinet za ta kutsa. Inda ya riƙe sauti ɗaya, ita za ta gangaro daga sama ta zagaye shi. Ka ɗauka ƴan amshi ne da ba sa jiran makaɗi ya dire, suna amsawa yana cikin faɗa, amma babu mai take ƙafar wani.

Wannan aiki kunne yake bukata fiye da yatsu. Dole ka san abin da na gefenka zai busa kafin ya busa shi, kuma dole ka iya danne son a ji ka. Ni a ganina a nan ne babu wanda ya kamo Dodds. Akwai waɗanda suka fi shi gudun yatsu, amma in ana maganar shiga tsakanin mutum biyu ka ɗaure su wuri ɗaya ba tare da ka ɓata ba kuma ba tare da ka rufe kowa ba, shi ne malamin. Muryarsa tana da ƙarfin da ko konet biyu suna busa a gabansa, kamar yadda ya kasance a rukunin Oliver, sai ka ji shi.

Me ya kai shi Shikago?

Abin da ya kai dubban ɗaruruwan baƙaƙe daga kudu zuwa arewacin Amurka a lokacin: neman aiki da gudun wariyar launin fata. Masana'antun Shikago suna ɗaukar ma'aikata, kuma duk inda ma'aikata suka taru da albashi a aljihu, gidajen rawa za su buɗe. Rufe unguwar Storyville a New Orleans a 1917 ya ƙara rage wa makaɗa wurin samu. Joe Oliver, wanda ake yi wa laƙabi da King, ya riga shi tafiya, kuma da mabushin kilarinet Jimmie Noone ya bar rukuninsa sai Dodds ya maye gurbin. Sun je Kalifoniya a 1921, suka dawo Shikago a 1922 suka kama aiki a wani babban gidan rawa mai suna Lincoln Gardens. A shekarar ne Oliver ya aika wa wani saurayi ɗan shekara 21 ya taho daga New Orleans ya zama mai konet na biyu. Saurayin shi ne Louis Armstrong.

Me ya sa faya-fayen 1923 suke da shashsheƙa haka? Ya aka ɗauke su?

A watan Afrilu 1923 rukunin Oliver ya tafi garin Richmond a jihar Indiyana, inda kamfanin Gennett yake da ɗakin ɗaukar sauti. Babu makirfo, babu lantarki a cikin aikin. Wani babban mazurari ne ya fito daga bango, makaɗa su tsaya a gabansa su busa, iskar sautin ta girgiza allura, allurar ta yi zane a kan kakin zuma mai juyawa. Mai ƙarfin busa a tura shi baya, mai raunin sauti a matso da shi. Ɗakin yana daf da layin dogo, in jirgin ƙasa zai wuce sai a dakata. Baby Dodds bai samu ya buga manyan gangunansa yadda ya saba ba, saboda dukansu yana sa allura ta yi tsalle, sai ya koma ƙwanƙwasa ƴan katakai. Kowane gefen faifai minti 3 ne ko kusa da haka, abin da suke shafe dogon lokaci suna yi a gidan rawa dole a matse shi cikin wannan ɗan taƙi.

Ranar da na fara jin "Dipper Mouth Blues" a waya, ta lasifikar wayar na kunna, ban ji komai ba sai hayaniya kamar ana suya, na kashe. Bayan kwana biyu da dare, an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, na sa abin kunne na sake kunnawa. A karo na uku kunnena ya daina jin shashsheƙar, kamar yadda ido ke sabawa da duhun ɗaki. Sai ga wurin da sauran makaɗa suke bugawa tare su ɗan tsaya, su sake bugawa su tsaya, kilarinet ita kaɗai tana ratsa tsakanin, tana hawa tana riƙe sauti yana karkarwa. Tun daga daren nan nake bin sawun mutumin.

Waɗanda ke cikin ɗakin ɗaukar sautin na Gennett su bakwai ne: Oliver da Armstrong a konet, Honoré Dutrey a turombon, Johnny Dodds, Lil Hardin a fiyano, Bill Johnson a banjo, da Baby Dodds.

Me ya raba shi da King Oliver?

Kuɗi. An samu saɓani tsakanin Oliver da yaransa kan rabon abin da ake samu, rukunin ya watse, Dodds da ƙanensa suka kama gabansu. Daga 1924 Johnny ya zama jagoran makaɗan wani gidan rawa da ake kira Kelly's Stables a titin Rush, ya zauna a nan har 1930. Shekara 6 a wuri ɗaya, a sana'ar da mutum ke kwana bai san inda zai yi aiki gobe ba.

Yaya tsakaninsa da Louis Armstrong?

Ya girme shi da shekara 9, kuma Armstrong ya san shi tun yana yaro mai bin makaɗa a titunan New Orleans. Da kamfanin Okeh ya ba Armstrong damar yin faya-faye da sunansa, mutanen gida ya kira: Kid Ory, Johnny St. Cyr mai banjo, Lil Hardin matar Armstrong, da Dodds. Ranar 12 ga Nuwamba, 1925 suka fara. A cikin abin da suka ɗauka ranar akwai "Gut Bucket Blues", inda Armstrong yake kiran kowane makaɗi da sunansa yana zuga shi, kuma za ka ji shi ya kira Dodds da "Mista". Hot Five rukunin ɗakin ɗaukar sauti ne, kowa yana da wurin aikinsa na dare, sai ranar ɗauka su haɗu. A watan Mayu 1927 aka ƙara Baby Dodds da mai tuba, aka koma Hot Seven.

A waɗannan shekaru biyu Armstrong yana canza jaz gaba ɗaya, yana mayar da shi kiɗan gwani ɗaya a gaba. Ba ƙaramin abu ba ne a ce bayan Armstrong ya gama busa, kai ne za ka karɓa. Dodds bai taɓa gwada yin tsere da shi ba. Ka saurari "Wild Man Blues" na 1927: Armstrong ya hau sama ya yi abin mamaki, sai Dodds ya shigo daga can ƙasan murya, a hankali, da nauyi, kamar dattijo ya karɓi magana bayan saurayi mai fasaha ya gama. Faifan bai faɗi ba, wani irin zurfi ma ya ƙara. A 1928 Armstrong ya sake zubin rukunin da sababbin mutane irin su Earl Hines, hanyarsu ta rabu.

Gaskiya ne cewa Jimmie Noone da Sidney Bechet sun fi shi ƙwarewa?

Ya danganta da abin da kake nufi da ƙwarewa. Noone ɗalibin gidan Tio ne sosai, busarsa sumul kamar ruwa, yatsunsa ba sa tuntuɓe, kuma salonsa ne ya fi shiga jikin mabusan zamanin da ya biyo baya. Bechet kuwa gagarau ne, ba ya zama a bayan kowa. Ya tsallaka Turai tun 1919, ya koma busa saksofon mai siririyar murya don ya rinjayi kowa a dandali, daga baya ya zauna a Faransa har ya rasu a 1959.

Dodds ba haka yake ba, kuma masu sukarsa ba ƙarya suke yi ba in sun ce wani lokaci sautinsa yakan ɗan kauce, ko cewa a waƙoƙi masu sarƙaƙiyar sauye-sauye ba ya sakewa kamar yadda yake sakewa a buluz. Na ji waɗannan wuraren, suna nan a faifai. Amma abin da nake nema a wurin mabushi shi ne in ji mutum a cikin sautin, kuma sautin Dodds yana da kauri da ɗaci da karkarwa irin ta muryar wanda ya daɗe yana riƙe da magana a ciki. In ya kama sauti ɗaya ya lanƙwasa shi ƙasa kaɗan, ya riƙe, ya sake shi, ya gama faɗin abin da wani zai zuba sauti 20 bai faɗa ba. A busa buluz da kilarinet, ban san wanda zan sa a gabansa ba.

Wane irin mutum ne a bayan fage?

Kamili ne mai tsare gida. A cikin sana'ar da giya ta cinye mutane da yawa, kuma a zamanin da gidajen rawan Shikago suke hannun masu fasa-ƙwaurin barasa, shi ba mashayi ba ne. Yana zuwa aiki a kan lokaci, yana riƙe yaransa da tsari, yana tattalin abin da ya samu har ya mallaki gidan haya a Shikago. Ƙanensa Baby kuwa mai son shagali ne, kuma wannan bambancin hali ya sha haɗa su faɗa, irin na wa da ƙane, a yi a shirya a koma dandali tare.

Wani abin da nake so game da shi: bai raina ƙaramin aiki ba. A daidai lokacin da yake busa da Armstrong da Morton, yana kuma shiga ɗaki da masu kaɗa allon wanki da masu busa tulu, yana raka mata mawaƙan buluz, ya yi aiki da Jimmy Blythe mai fiyano, ya yi da Blind Blake makahon mai jita a 1928. Kiɗan talakawan Kudancin Shikago ke nan, kuma busar da yake yi a can ba ta gaza wadda yake yi da manya ba.

Me ya sa aka daina jin ɗuriyarsa bayan 1929?

Abubuwa sun haɗu. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta durƙusar da kasuwar faifai, musamman faya-fayen da ake yi don baƙaƙe. An rufe Kelly's Stables a 1930. Cibiyar harkar kiɗa ta koma New York, yayin kuma ya koma na manyan rukunoni masu mutum 12 ko fiye, masu karanta kiɗa a takarda, inda babu gurbin irin saƙar da ya ƙware a kai. Shi kuma bai bi ayari ba, ya zauna a Shikago yana busa a ƙananan wurare tare da ƙanensa da tsohon abokinsa Natty Dominique mai begila, yana haɗawa da harkar motocin haya. Daga 1929 bai sake shiga ɗakin ɗaukar sauti ba sai Janairu 1938, da kamfanin Decca ya kai shi New York ya haɗa shi da matasa irin su Charlie Shavers. Shekara 8 da ɗoriya na mutum yana kan ganiyarsa sun wuce babu ko faifai ɗaya, kuma wannan asara tana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna.

Ya taɓa zuwa Afirka?

A'a. Armstrong ne ya zo, ya sauka Akara a 1956, ya zo Najeriya a 1960, shekara 20 bayan rasuwar Dodds.

Yaya ƙarshensa ya kasance, kuma wa ya gaji salonsa?

A 1939 ya gamu da rashin lafiya mai tsanani, ga kuma matsalar haƙora, wadda ga mabushi babbar musiba ce domin da haƙora da leɓe ake riƙe bakin kilarinet. Duk da haka ya lallaɓa ya koma aiki. A watan Yuni 1940 ya ɗauki "Red Onion Blues" da "Gravier Street Blues" a Shikago, Baby yana kan ganga, Lonnie Johnson yana kan jita. Bayan wata biyu ya rasu.

Abin tausayi, a daidai lokacin ne aka fara waiwayar tsohon kiɗan New Orleans, ana neman dattawan da aka manta ana dawo da su dandali. Kid Ory ya ci moriyar wannan, Baby Dodds ma haka, har ya je Turai. Johnny bai kai ba. Amma faya-fayensa sun yi tafiyar da shi bai yi ba: bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasa irin su Claude Luter a Faransa da Cy Laurie a Ingila sun gina busarsu kacokan a kan tasa, suna koyo daga garmaho.

Da wane faifai zan fara?

Da "Perdido Street Blues" na Yuli 1926, wanda ya fito da sunan New Orleans Wanderers. Mutanen Hot Five ne, sai dai George Mitchell ne a gurbin Armstrong, saboda haka fili na Dodds ne. Shi ke buɗe faifan, da wani kira mai tsawo da ke fitowa daga sama, sauran suna amsa masa da bugu ɗai-ɗai. In wannan bai kama ka ba, to wataƙila Dodds ba naka ba ne.

Daga nan ka nemi "Wolverine Blues" na Yuni 1927, su uku kacal: Jelly Roll Morton a fiyano da ƴan'uwan biyu. Morton ya daɗe yana kaɗawa shi kaɗai kafin kilarinet ta shigo daga ƙasan murya, a natse, kuma wannan ne wurin da za ka fi jin kaurin sautin nasa ba tare da wani ya rufe shi ba. Sai "Wild Man Blues" da "Potato Head Blues" tare da Armstrong, sai "Bull Fiddle Blues" na 1928 da rukuninsa na allon wanki. Faya-fayen Oliver na 1923 ka bar su zuwa ƙarshe, lokacin da kunnenka ya riga ya san muryarsa, zai iya tsinto ta a cikin shashsheƙar. Duk suna nan a YouTube. Ka sa abin kunne, kuma kowanne ka ji shi sau biyu a jere: karo na farko ka ji kiɗan gaba ɗaya, karo na biyu ka bi kilarinet ita kaɗai daga farko har ƙarshe.